Yadda Adoum Ya Zama Maraya Ubansa Na Zaune

Jama'a, ku yi mini afuwa, na san na ɓace muku. Masu turo saƙo suna cewa "Nafisatu, ko an ɗaura ne ba ki gayyace mu ba?" ku kwantar da hankalinku, ba a ɗaura komai ba. Abin da ya faru a gidanmu makon nan ne ya hana ni rubutu, sai yau na samu na ɗauki waya.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ƴar Garwa ce, a arewacin Kamaru, Babana yana da shagon atamfa a babbar kasuwa. Kakanninmu fatake ne daga Katsina, suka zo da jakuna, suka ga Binuwai, suka ce nan ma gida ne. Ina aiki a wani kantin magani a unguwar Yelwa. Wanda nake so sunansa Adoum. Idan kun taɓa ganin wani ƙato a bayan mai moto, wato ɗan acaɓa, gwiwoyinsa sun kusa taɓa kunnuwan direba, yara na bin su da ihu, to kun ga mijin da na zaɓa wa kaina.

Ajinmu ɗaya a lise, wato sakandare. A bencin ƙarshe yake zama don kada ya tare wa mutane allo, kuma amfaninsa ɗaya a wurin malamai shi ne goge saman allon da hannunsu ba ya kaiwa. Ubansa Alhaji Mahamat ne, mai kamiyoyi, manyan motocin albasa da ke tashi daga nan zuwa Duwala. Alhaji Mahamat gajere ne, irin gajerun da in sun shiga mota sai an matso musu da kujera. Tsawon daga dangin Hajiya, mahaifiyar Adoum, ya fito, mutanen Kusuri ne, ko matansu sai sun sunkuya a ƙofa.

Wata rana wani mai horar da ƴan ƙwallon kwando, Koci Thierry, yana wucewa ta ƙofar lise ya ga Adoum yana tsinko mangwaro ba sanda ba jifa. Ya faka motonsa ya tsaya yana kallonsa kamar ya tsinci zinariya a bola. Daga nan aka fara. A filin simintin da ke kusa da babban filin wasa na Rumde Ajiya ya koya, kuma ni shaida ce, a watannin farko ƙwallon ta fi sauka a fuskarsa fiye da hannunsa. Amma Adoum akwai naci. Rana ta Garwa da ke narkar da silifa, shi yana cikinta yana tsalle. Aka kai shi Yawunde, daga can wata jami'a a Amurka ta ba shi burs, wato karatu da ci da kwana kyauta muddin yana buga musu wasa. Yanzu shekararsa uku a can. Aikinsa ya tsaya ƙarƙashin kwando, duk wanda ya jefo ƙwallo ya mare ta ta koma inda ta fito. Suna kiransa Katangar Sahel, har riguna suke bugawa da sunan.

Ranar da Dada, wato mahaifiyata, ta kai wa Baba maganarsa, ina bayan ƙofa ina saurare.

"Me yake yi a can ɗin?" in ji Baba.

"Karatu, Alhaji. Da ƙwallo."

"Ta ƙafa?"

"Ta hannu. A kwando ake jefawa."

"In kwandon ya cika fa?"

"Ba ya cika. A huje yake ta ƙasa."

Baba ya jinjina kai. Can ya ce, "Wato ƙato kamar wannan ya tsallake teku, yana zuba abu a hujajjen kwando, kuma ana ba shi abinci a kan haka. Allah mai iko."

Ni dai matsi ya ishe ni. Ba biki ko suna da zan je Goggo ba ta ja ni gefe ta lissafa mini ƙannena da ke goyo ba. Da Adoum ya zo hutu da daminar nan, Baba ya yanke magana: a bincika. In yaro ya fito fes, a sa rana kafin ya koma. In kuwa aka samu abin da aka samu, kada ya sake jin sunansa a gidan nan. Wanda ya san Babana ya san ba ya maimaita magana, kuma ba ya janye ta.

Binciken aure a danginmu aikin mutum ɗaya ne, Baffa Hamadu, yayan Baba. Ban san wata sana'a da yake yi ba bayan wannan. Jar hula, lema a hammata ko da hadari ko babu, da wata tafiya a hankali kamar yana tsoron taka ƙwai. Aurarrakin da suka mutu a hannunsa tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, Allah kaɗai ya san yawansu. Shi ba ya tambayar dangin yaro, ya ce dangi ba sa faɗin gaskiya. Mai shayi yake nema, da wanzami, da mahauci, da ladanin unguwa. Ƙa'idarsa ita ce a tambayi wanda ke kwana kusa da mutum.

Ya zaga unguwar su Adoum ya dawo fuska a murtuke. Yaro na salla, ba ya shan komai, ba ya bin mata, ubansa mutumin kirki, kakansa ma an san shi. Har shayi ya sha da Alhaji Mahamat a garejin kamiyoyi. Ya zauna a tsakar gidanmu yana ba da rahoto kamar wanda aka yi wa sata. Ni kuwa a kicin har rawa na taka da ludayi a hannu.

Sai Baffa ya ɗaga yatsa. "Saura Amurka."

Dada ta ce, "Amurka kuma, Yaya?"

"Yaro ya yi shekaru a can. Su wane ne maƙwabtansa? Wa ya tambaye su?"

Muka yi dariya, har Baba ya murmusa. Ashe maƙwabciyar tana hanya.

Jami'ar su Adoum ta turo wata Baturiya da kyamara, wai tana haɗa fim a kan inda ƴan wasansu suka fito. Adoum ya gaya mini a gurguje, ya ce hoton gari kawai za ta ɗauka, ya canza magana. Tafintar da ta ɗauka kuwa ƙawata ce tun lise, Gaëlle, ƴar Mokolo, wadda ta iya Turanci da Faransanci da Fulatanci da Hausar kasuwa, kuma duk a lokaci ɗaya take yin su.

Ranar Laraba ina kanti, sanye da doguwar rigata ruwan toka da farar rigar aiki a sama, ina auna wa wata mata maganin zazzaɓi, wayata ta fara kuka a aljihu. Saƙonnin murya ne daga Gaëlle, a jere. Na shige bayan kanta na manna a kunne.

"Nafi, ma chérie, in kina tsaye ki zauna. Wani tsoho ya zo otel, jar hula, da lema. Ya ce shi dattijo ne, yana son ya gaisa da baƙuwa."

Baffa Hamadu ne.

"Ya gaishe ta, ya tambayi sanyin garinsu, ya tambayi sarkinsu. Sannan ya ce in tambaye ta Adoum na salla? Ta ce har a ɗakin canza kaya yake shimfiɗa sallaya. Yana shan giya? Ta ce jamais, ko sau ɗaya. Mata fa? Ta ce shi kullum maganarsa wata yarinya a gida. Wallahi tsohon nan sai da ya yi tsaki."

Na yi ajiyar zuciya. Na danna saƙo na gaba.

"Har ya ɗauki lemarsa, sai ya juyo ya ce, kun san iyayensa a can? Nafi, matar nan ta dafa ƙirji, hawaye suka zubo. Ta ce orphelin, maraya. Papa mort, maman mort, uwa da uba duk sun mutu. Wai an haife shi a bukka a gindin dutsen Mindif, yana kiwon awaki ba takalmi. Wai ƙwallonsa na farko tsummokara ne, kwandonsa tsohon bokiti a jikin kuka. Wai wani attajiri mai tausayi ne ya ɗauko shi ya kawo Garwa yana masa dakon albasa. Na ce wa tsohon, Baba, ta ce yaron kirki ne. Ya ce, ƴata, ni ma na ɗan zauna a ekol, na yi boko, orphelin na ji, fassara sauran."

Ban san lokacin da na zauna a kan kwalin sirinji ba. Adoum da kiwon awaki! Mutumin da ko kaza aka yanka a gabansa sai ya kau da kai.

Da na koma gida na tarar an riga ni. Baffa Hamadu na tsakar gida, fuskarsa na sheƙi kamar ranar salla. Ni a zatona zai ce yaron maƙaryaci ne, in ce to, a yi masa faɗa a wuce wurin. Ina! Baffa ya wuce nan.

"Bature zai hau jirgi da kyamara ya zo har Garwa don ya yi ƙarya? Matar nan kuka take. Ku dubi Alhaji Mahamat, ku dubi yaron. Da ma ni tsawon nan bai taɓa kwanta mini ba. Tsintacce ne. Ba a san asalinsa ba."

Dada ta saka salati. Goggo, wadda jiya-jiya take cewa in yi maza kada dogon nan ya kuɓuce mini, ta ce ita da ma jikinta ya ba ta.

Na rubuta wa Adoum: "Ka zo bayan la'asar. Kada ka ce mini kana filin wasa."

Ya zo. Farar jallabiya ce a jikinsa, wadda a jikin kowa za ta ja ƙasa, a nasa kuwa ta tsaya a ƙwauri. Ya sunkuya ya shigo zaure, ya zauna a benci, gwiwoyinsa na kallon silin. Na ƙi kawo masa ko ruwa.

"Allah ya jiƙan Alhaji," na ce. "Yaushe aka yi rasuwar? Ba mu ji ba balle mu zo gaisuwa."

Ya rufe fuska da tafukansa.

"Nafi, ki saurare ni."

"Ina jin ka, maraya."

"Koci Thierry ne. Ya ce dogaye sun yi yawa, Senegal na da su, Sudan na da su, kowa na turawa. Ya ce ba wanda zai ba ɗan mai kamiyo burs. Maraya suke so."

"Awakin fa?"

"Aro aka yi. Yini guda muka je Mindif aka ɗauki hoto. Wani bunsuru ma sai da ya tunkuye ni."

"Takalmi fa? Kai da Alhaji ke yo maka odar takalmi daga Dubai saboda babu lambar ƙafarka a Kamaru?"

"A mota na bar su."

"Hajiya kuma me ta yi maka? Ita ma ka haɗa da ita."

"Ya ce in aka bar uwa za su nemi su yi magana da ita."

Dariya ta so kuɓuce mini, takaici ya danne ta. Na ce to ya je ya gaya wa Baturiyar gaskiya, magana ta ƙare. Sai ya ɗago, na ga idonsa ya yi ja.

"Kin san me zai faru? Akwai asusun marayu da suka buɗe da sunana. Akwai tsofaffin mata da ke saƙa mini hular sanyi. Kocinmu na can duk shekara sai ya ba sababbin yara labarina yana share hawaye. In suka ji, burs ta tafi, biza ta tafi. Shekara ɗaya ta rage mini, kuma akwai kulob a Turai da ke kallona. Labarin ne ƙarya, Nafi, wasan ba ƙarya ba ne. Da azumi a bakina nake gudu. Gwiwar nan an tsaga ta an ɗinke, ni kaɗai a asibiti, ba wanda ya iya faɗin sunana daidai."

Sannan ya ce a hankali, "Na faɗi labarin nan har wani lokaci ni ma kewar awakin nake ji."

Na tausaya masa, ba zan ɓoye muku ba. Na san Adoum tun yana jin kunyar tsawonsa yana tafiya a duƙe. Ƙwallon nan ce ta miƙar da shi.

"Alhaji ya sani?"

"Bai sani ba."

Na roƙi Dada ta roƙi Baba a kira Adoum shi kaɗai ya yi bayani a rufe. Baba ya ce a'a. Ya ce Baturiya ta faɗi magana, Hamadu ya baza ta a dangi, don haka a zo da yaron, a zo da Alhaji Mahamat, a zo da ita Baturiyar, kowa ya ji da kunnensa.

Asabar bayan azahar aka taru a falon Baba. Dada ta sa an share kafet ɗin nan ja da ba a takawa sai da baƙi, aka kunna na'urar sanyi, aka jera jug ɗin folere, wato zoɓo, da ƙanƙara da faranti na kilishi. Alhaji Mahamat ya zo da babbar riga ruwan ƙasa mai aiki a wuya, direbansa na biye da huhun goro, don shi a saninsa maganar sa rana ce. Ni ina bayan labule da Dada da Goggo. Na san ba wanda zai gan ni, amma na sa atamfata kore mai ganyen zinariya, na yi ɗaurin da ya ɗauke ni rabin awa, na fesa turare. Ban san me ya sa ba.

Baturiyar ta shigo da zani ɗaure ta hagu, Gaëlle na bayanta kamar wadda za a kai kotu. An ce mata baikon gargajiya za a yi, sai murna take. Ta kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ta saita ta a kan Adoum, wanda ya naɗe a ƙasa kusa da ƙofa. Da aka nuna mata Alhaji Mahamat sai ta nufe shi da hannu biyu. Ya ɓoye nasa a cikin riga ya yi mata murmushi. Ta yi magana mai tsawo.

Gaëlle ta kau da kai.

Baba ya ce, "Fassara, ƴata. Kada ki rage komai."

Gaëlle ta fassara: "Ta ce tana gode maka, Baba. Ta ce kai mutum ne mai zuciya, da ka ɗauki marayan da ba naka ba, ka riƙe shi, ka ba shi aikin dako har Allah ya ɗaga shi."

Kofin folere na hanyar bakin Alhaji Mahamat, ya tsaya a nan. Ya dubi Gaëlle, ya dubi Baturiya, sannan ya juya ya dubi ɗansa. Adoum na kallon zanen kafet.

Baba ya gyara zama. "Adoum, tambaya ɗaya ce. Wannan dattijon da ke zaune, mene ne shi a wurinka?"

Jama'a, na taɓa jin shiru, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Na'urar sanyi kaɗai ke magana. Jar fitilar kyamara na kunne. Na damƙe labulen ina cewa a zuciyata, faɗi, kalma ɗaya ce, ka ce ubana ne, wallahi ko dako za ka koma yi zan zauna da kai. Leɓensa ya motsa. Ya dubi kyamarar. Ya mayar da kai ƙasa.

Alhaji Mahamat ya ajiye kofin a hankali. Bai yi wa Baba magana ba, Gaëlle ya fuskanta.

"Ƴata, ke kin san mutanen nan. In aka ce yaron nan yana da uba, me zai same shi a can?"

Gaëlle ta dubi Adoum, bai taimake ta ba. Ta ce, "Suna iya koro shi, Baba. Karatun da wasan duka."

Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin albasa. Ya shafa gemunsa. Sannan ya juya wurin Baba.

"Alhaji, gaskiyar baƙuwa ce. Uban yaron nan ya rasu. Ni riƙonsa na yi."

"Na faɗa!" in ji Baffa Hamadu, har lemarsa ta faɗi. "Ni aka ce ban iya bincike ba?"

Gaëlle ta fassara wa Baturiya da muryar da ban san ta da ita ba. Matar ta ciro hankici tana share ido, ta matso da kyamara kusa da fuskar Alhaji Mahamat, tana ta maimaita wata kalma. Daga baya Gaëlle ta ce mini wai cewa take abin ya yi kyau.

Na jira. Har a lokacin ina jira. Na ce yanzu zai miƙe, kansa ya bugi fanka, ya ce ƙarya ne. Katangar Sahel bai motsa ba.

Baba ya ce, "Yaya, a mayar musu da goronsu."

Alhaji Mahamat ya yunƙura zai tashi, ƙafarsa ta riƙe. Adoum ya miƙo masa hannu, wannan dogon hannun da ke isa ko'ina. Tsohon bai kalle shi ba. Ya dafa hannun kujera ya miƙe da kansa, ya yi wa Baba sallama, ya nemi takalmansa a bakin ƙofa ya fita.

Na shige ɗaki na kwanta da ɗaurina da komai. Kuka na yi, irin wanda ba sauti. Dada ta shigo ta zauna ta tashi. Wajen la'asar sai na ji gyaran murya a ƙofa. Baba ne, shi da rabonsa da shigowa ɗakina tun ina firamare. Na zabura na durƙusa.

Na ce, "Baba, wallahi ɗansa ne. Baffa bai fahimta ba. Labari ne aka ƙirƙira saboda..."

"Kina tsammani ban sani ba? Shekara nawa ina ganin Mahamat a kasuwa? Tafiyarsu ɗaya, dariyarsu ɗaya. Hamadu kaɗai ne a garin nan bai ga haka ba."

"To me ya sa, Baba?"

"Ƙarya a bakin yaro mai neman hanya, na gani, ni ma ɗan kasuwa ne. Da ya buɗe baki ya ce ubana ne, da yau na sa rana, ya je ya ci gaba da hujajjen kwandonsa. Amma ya zauna yana kallo ubansa ya binne kansa da bakinsa. Nafisatu, wanda ya iya wannan zaman, gobe wa zai binne?"

Na ce tsoro ne ya kama shi. Na ce kyamara ce. Na ce Baba bai san wahalar da ya sha ba. Baba ya saurare ni har na gama, ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ya fita. Kuma gaskiyar da zan gaya muku ita ce har a lokacin ina son Adoum, son da ya sa na ji haushin Babana fiye da shi.

Wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Shekara ɗaya kawai, Nafi. In na gama zan gyara komai, zan durƙusa wa Alhaji, zan durƙusa wa Baba. Ki jira ni. Je t'aime."

Na karanta ya fi a ƙirga. Har na fara rubuta masa cewa zan jira, sai ga saƙon murya daga Gaëlle. Ana jin ƙarar titi a bayanta, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Nafi, na rasa yadda zan gaya miki. A mota matar ta tambaye shi me ya sa aka mayar da goro, kuma ina amaryar, tana son ganinta. Ya amsa mata da Turanci, ya manta ina ji. Ya ce ke ma marainiya ce. Wai aikatau kike a gidan, ba ki taɓa shiga aji ba, wai maigidan, wato Babanki, ba ya son ya rasa ƴar aikinsa shi ya sa ya hana. Matar ta ce wannan ne zuciyar fim ɗin. Tana son ta ɗauke ki gobe da safe a bakin Binuwai, ƙasan gada, kina ɗiban ruwa. Ya ce mata kin yarda. Ya ce in aro miki tsohon zani a wurin Maman Odette mai wanki, kuma ki zo ba takalmi."

Na ajiye wayar a kan gado. Ta taga ina hango Baba a tsakar gida, ya naɗe hannun riga yana alwala da butarsa shuɗiya, yana yi wa Dada mitar an bar famfo na zuba. Lafiyarsa ƙalau, ko ciwon kai ba ya yi. Bai san an yi masa jana'iza a cikin mota ba.

Na goge abin da na fara rubuta wa Adoum. Na rubuta wa Gaëlle: "Ki ce musu ina zuwa. Ki bar Maman Odette da zaninta."

Na buɗe sif na ciro leshina ruwan zuma wanda na ajiye don ranar sa rana, da sarƙar da Baba ya sayo mini daga Makka, da takalmi mai tsini. Na aika aka gaya wa direbanmu ya wanke mota da sassafe. Da na zo ninke mayafi sai na zauna na ƙara yin kukan da ya rage.

Gobe zan sauka daga motar ubana a bakin Binuwai, in jira matar nan ta kunna kyamararta, in tsaya gaban Adoum in tambaye shi ni ƴar wane ne. Alhaji Mahamat ba zai je wurin ba, balle ya sake amsawa a madadinsa.